Kwarjini da Ƙugiya: Yadda Aka Zaɓi Haruffan Littafin Tsofaffin Ɗalibai a Argungu

Aikin na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata sakandare ne da ke Argungu. Sun haɗa kuɗi sun gina wa makarantar ajujuwa, suka kuma yanke shawarar a raba littafi ranar buɗewa: tarihin makarantar, tarihin malamanta, waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi ritaya, sai babi guda a kan ƙasar Kabi. Abu uku suka nema wurin mai tsarawa, wato katin gayyata, littafin kansa, da allon marmara da za a manna a bangon ginin. Dukkansu da Hausa za a yi, domin yawancin dattawan da za a karrama da iyalansu da ita suka fi sakewa. Ni aka ɗora wa duba rubutu, shi ya sa na ga aikin tun daga tushe har ya fita.

Mai tsarawar saurayi ne mai shago a Birnin Kebbi, irin shagunan nan da ake buga katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, kuma manhajar zane ta CorelDRAW ce abin aikinsa kamar kusan kowa a sana'ar. Umarnin da shugaban kwamiti ya ba shi bai da tsawo. Yana son rubutu mai kwarjini. Ba ya son abin da zai yi kama da wasiƙar ofis, ba ya kuma son irin rubutun katin amarya mai murɗe-murɗe.

Abin da ya zaɓa

Yawancinmu iri biyu muka saba gani a haruffan boko. Akwai masu ƙafa irin Times New Roman, waɗanda kowace sanda take ƙarewa da ɗan layi a kwance. Akwai marasa ƙafa irin Arial, sandarsu kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa. Saurayin ya ɗauko iri na uku, wanda sandar harafi take ɗan tsukewa a tsakiya, sannan ta yi ta buɗewa a hankali har ta kai ƙarshe, kamar taɓarya. Ba za ka iya nuna inda sanda ta tsaya ƙafa ta fara ba. Asalin wannan zubi daga sassaƙen dutse da tagulla yake, inda bakin ƙarfen sassaƙa ke faɗaɗa ƙarshen layi don ya fita tsaf, shi ya sa masu rarraba haruffa suke kiran danginsa sassaƙaƙƙu.

Dangi ne mai tarihi. Berthold Wolpe, Bajamushen da ya koma Ingila, ya zana Albertus wa kamfanin Monotype a shekarun 1930, kuma da shi ake rubuta sunayen tituna a tsohon tsakiyar birnin Landan. Hermann Zapf ya ga rubutun kaburbura a cocin Santa Croce da ke Florence ta Italiya a 1950, ya zana abin da ya gani a kan takardar kuɗi ta lira 1000, daga nan Optima ya fito a 1958. Buɗewarsa kaɗan ce ƙwarai, har wasu na lissafa shi cikin marasa ƙafa, kuma da shi aka sassaƙa sunayen sojojin Amurka a bangon tunawa da yaƙin Biyetnam da aka buɗe a Washinton a 1982. Akwai kuma Friz Quadrata na Ernst Friz, ɗan Suwizalan, daga shekarun 1960. Duk inda aka ga waɗannan, wuri ne da ake son nutsuwa da girma: bangon littafi, kanun mujalla, takardar shaida, allon tunawa.

Saurayin bai san wannan tarihi ba a lokacin, ido ne ya kai shi, kuma idon bai yi ƙarya ba. Da ya buga gwajin katin da wani font, wato zubin haruffa na kwamfuta, na wannan dangi da ya samu a cikin tarin da ke kwamfutarsa, sunan makarantar da Turanci a manyan baƙaƙe ya zauna daram. Shugaban kwamiti ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya gyaɗa kai, ya ce haka yake nufi.

Inda gizo ke saƙa

Da aka zuba rubutun Hausa sai al'amari ya canja. Sunan littafin yana ɗauke da kalmar Ƙasar da kalmar Ɗalibai, kuma font ɗin bai da Ƙ, bai da Ɗ, bai da ƙananansu. A wata manhajar akwati ke fitowa a gurbin harafin, a wata kuma kwamfuta ke aro shi daga wani font ba tare da ta faɗa ba. Na biyun ya fi haɗari, don ido mai sauri zai wuce shi. A gwajin da aka kai Argungu, kowane ƙ da ɗ da ɓ aro ne: siriri, mai ƙafa a kwance, tsayinsa bai kai na maƙwabtansa ba. Dattijon ya sa yatsa a kan harafin farko na sunan littafin.

“Kai ɗana, mi ya samu wanga ƙa ɗin? Ba ta yi kama da 'yan uwanta ba.”

“Ranka ya daɗe, font ɗin ne bai da ita. Kwamfuta ta aro daga wani.”

“To ai ba a aro a bangon littafi.”

Dalilin rashin ba boyayye ba ne ga wanda ya leƙa tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Ƙaramar ɓ tana lamba 0253, ɗ tana 0257, dukansu a rukunin alamomin masana furuci. Ita ƙ tana 0199, tare da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ a wani rukunin ƙarin haruffan Latin. Mai zana font da ya sa kasuwar Turai a gaba yakan cika haruffan Faransanci da Jamusanci, ya ƙara na Folan da Turkiyya, ya tsaya nan. Sai a ga an jera harsunan da font ke iya rubutawa, jeri mai tsawo, babu Hausa a ciki. Abin yana min ciwo, domin waɗannan haruffa ba jiya aka fara buga su ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ɗigo yake sa wa a ƙarƙashin harafi, amma kafin shekarun 1930 su ƙare masu ƙugiya sun samu gindin zama a ɗab'in Zariya, garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Shi kansa Zapf mai Optima ya ba da gudummawar ƙwarewarsa a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa take ƙera haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya bisa shawarar da Kay Williamson ta gabatar a 1981, kuma ɓ da ɗ da ƙ suna cikinsu. Ke nan ba a rasa masaniyar yadda ake zana su ba, rashin mai nema da babbar murya ne.

Kwamiti ya tattauna mafita. Wani ya ce a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, ai haka kowa ke rubutu a waya kuma ana ganewa. Na ƙi wannan, kuma ban ɓoye ba. A katin gayyata akwai layin manyan baƙi, in aka cire ƙugiya wata magana daban ta fito, wadda ba a faɗa wa dattawa. Ban da haka, cikin waɗanda za a karrama akwai malaman Hausa da suka ƙare ƙuruciyarsu suna zagaye irin wannan kuskure da jan biro. Wani ya kawo shawarar a sa alama a bayan harafi, k' da d' da b', yadda ake yi zamanin tafireta. Wannan yana tsare ma'ana amma yana yayyaga kalma, kuma a manyan baƙaƙen bango muninsa ninkuwa yake. Shawara ta uku ita ce a koma Times New Roman ɗin da ke cikin Windows, tunda yana da haruffan. Da an yi haka ba laifi, littafi zai karantu. Sai dai shugaban ya riga ya ga abin da ransa ke so, saurayin kuma ya ce a ba shi dama ya zana ƙugiyoyin da hannunsa.

Lasisi da jikin littafi

Kafin a fara zanen, abu biyu suka taso.

Font ɗin farko na sayarwa ne, ya shigo kwamfutar shagon ta filashi, daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya san wa ya fara kawo shi. Irin waɗannan sai an sayi lasisi, kuma lasisin da yawansu ya hana a buɗe fayil ɗin a ƙara masa haruffa. Ƙungiyar da za ta sa sunanta da na malamanta a littafi bai kamace ta ta gina a kan kayan da ba ta da izininsa ba. Aka koma neman na wannan dangi mai lasisin SIL Open Font License, wanda ya yarda kowa ya yi amfani, ya gyara, ya raba, muddin bai sayar da font ɗin shi kaɗai ba, kuma in maƙerin ya keɓe sunan to a sauya wa gyararren suna. Akwai irinsu a rumbun Google Fonts, Marcellus misali ne. Wanda saurayin ya ɗauka nauyinsa ɗaya ne, ba mai kauri, ba mai karkata.

Na biyu, ya so ya zuba dukkan littafin da shi. Gwaji a saiz 11 a kan farar takardar bon ya raba gardama. Buɗewar da ke ba harafi kyau a babban girma ba ta ganuwa a ƙarami, tawada ta ɗan bazu a takarda marar sheƙi ta dushe kusurwoyin, siraran wurare kuma suka yi haske, shafin ya fito fari-fari. Masu karatun nan yawancinsu da tabarau suke. Babin Kabi kuma cike yake da shekaru: ginin fada a 1831, wadda daga baya ta zama Gidan Tarihi na Kanta, ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 wadda ake danganta farkon bikin kamun kifi da ita, ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, shigar bikin cikin jerin UNESCO a 2016. A ƙaramin girma lamba 1 ta font ɗin tana neman rikiɗewa ta zama babbar I. Sai aka raba aiki: mai buɗaɗɗen ƙarshe ya riƙe bango da kanun babi da kati da allo, jikin littafi aka ba Charis, font na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. An gina shi a kan Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 musamman don ya jure injinan bugu marasa kaifi, yana da mai kauri da mai karkata, kuma haruffanmu duk suna ciki tun daga maƙera. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani ga mai karatu, ko da yake ba wanda ya yabe ta ranar taro.

Zanen ƙugiya

Nan ne aikin ya ci lokaci, nan ne kuma na fi koyo. Ya sauke FontForge, manhaja ce ta kyauta, ya fara da dabarar da kowa ke fara yi: ya yanko kan harafin f ya dasa a kan sandar b da d da k. Tushen dabarar daidai ne, don lanƙwasar f ita ce hannun maƙerin font ɗin, kaurinta da yadda bakinta ke buɗewa duk nasa ne. Amma kan f faɗi gare shi. A kan ɓ da ƙ ya rufe cikin harafin kamar zai faɗo masa, don haka ya rage tsawonsa, ya bar buɗewar bakin yadda take. Abin da na lura shi ne, a wannan dangi kyan harafi duk a ƙarshen sanda yake, ita kuwa ƙugiyar Hausa ƙarshen sanda ce. In ta ƙare da dunƙule irin na Times, ko ta yanke ƙaf irin na Arial, nan take ido ke gane baƙuwa ce. Dole ta siranta a wuyan lanƙwasa sannan ta buɗe a baki, daidai yadda c da r da f na font ɗin suke yi.

Ɗ ƙarama ta fi ba da wahala. Sandarta tana dama, ƙugiyar kuma dama take leƙawa, wato tana shiga filin harafin da ke biye. Da a ko o ba matsala, tana shawagi a kansu. Da i kuwa sai ta yi karo da ɗigon. Hausa kuma cike take da wannan haɗi: kuɗi, faɗi, haɗin, ɗinki. Ya buɗa tazarar ɗ gaba ɗaya, sai kalmomi suka yi giɓi. Daga baya ya gajarta ƙugiyar, ya ɗaga ta kaɗan, ya ƙara tazara tsakanin ɗ da i kawai. Na rubuta masa jerin kalmomin gwaji masu ninki, buɗaɗɗe, ƙaƙƙarfa, ɓaɓɓake, yana bugawa yana mannawa a bangon shago, mu ja da baya mu duba. Allon kwamfuta yana ɓoye abin da takarda ke tonawa.

Manyan baƙaƙen ba su da abin koyi a cikin font ɗin. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ hagu take fita daga saman sanda, ta Ƙ kuma a hannun sama na dama take. Ɗ ta farko da ya zana ƙugiyarta ta yi ƙanƙanta, daga nesa D ce kawai da ɗan tabo. Ta biyu ta yi girma har ta janye ido daga sunan littafin. Ya tsaya a tsakani, ya kuma gano cewa in layi ya fara da Ɗ sai a ɗan tura shi hagu, sandar ta daidaita da gefen sauran layuka, ƙugiyar ta rataya a waje. A jerin sunayen malamai, inda da yawa suke farawa da Ɗan, bambancin a fili yake.

Abu guda na nace a kai. Ya so ya ɗora ƙ a kan maɓallin q, ɗ a kan x, yadda wasu tsofaffin font na Hausa suka yi, don saurin bugawa. In aka yi haka, ranar da wani ya kwafi rubutun zuwa waya ko intanet q da x zai gani, kuma ba a iya neman kalma a cikin PDF. Ya sa kowane harafi a lambarsa ta Unicode. A Word ma in ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Sai kuma ƙaramin abu da ya kusa wucewa: alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya. Kwamfuta tana ɗaukarta buɗe zance ce, sai ta juya ta baibai a farkon kalma. Muka bi littafin muka mayar da ita mai kama da waƙafi a sama.

Bugu da marmara

A Kaduna aka buga littafin. An aika shafukan a PDF da font ɗin a ciki, bangon kuma aka mayar da rubutunsa zane, abin da masu Corel ke kira kobs, don kada injin can ya sauya komai. Bangon kore ne mai duhu da rubutun zinariya da ake dannawa da zafi. Gwajin da aka turo ya nuna manyan baƙaƙe sun fita sumul, amma ƙaramin layin ƙasa ya tsittsinke a siraran wurare, har da wuyan ƙugiyar ɗ. Aka cire layin daga zinariya, aka buga shi da farar tawada, aka ƙara masa girma.

Allon marmara ne ya kusa ɓaci. Mai sassaƙar allon, hoton rubutun aka tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya sake buga rubutun a kwamfutarsa da font ɗin da ya ga ya yi kama, ba ƙugiya ko ɗaya. Allah ya sa saurayin ya ce sai ya ga ledar da aka yanke haruffan a jikinta kafin a manna ta a feshe dutsen da yashi.

“Maigida, wannan ba shi na turo ba. Ina ƙugiyoyin?”

“Na ɗauka datti ne a hoton.”

Ba mugunta ba ce, mutumin yawancin allunan da yake yi da Turanci ne. Aka kai masa fayil ɗin zane a filashi, ya yanka sabuwar leda. A nan font ɗin ya nuna gidansu. Ba shi da siraran ƙafafun da ke yagewa lokacin ɓare leda, ƙarshen kowace sanda yana da faɗin da zai riƙe fenti, kuma da hantsi inuwa tana kwanciya a cikin ramin harafin ta ƙara fito da shi. Cikin abubuwa ukun da aka yi, allon ya fi kyau.

Abin da aikin ya ci, da abin da ya rage

An kai littafi kafin ranar taro, amma da ƙyar, kuma zanen haruffan ne ya cinye ranakun da aka ware don duba na ƙarshe. Kwamiti kuɗin shafi ya biya, yadda aka saba, ba a lissafa zanen ƙugiya a matsayin aiki ba. Wannan bai yi min daidai ba, na kuma faɗa a zaman rufe lissafi, aka ƙara masa wani abu. Duk ƙungiyar da za ta nemi irin wannan aiki ya kamata ta ware masa kuɗinsa tun farko. Shi kuma mai tsarawa, kafin ya nuna wa mai aiki kowane font, ya fara buga Ɓ Ɗ Ƙ ɓ ɗ ƙ da shi. Da an yi haka a ranar farko, da shugaban bai ƙwallafa rai a kan abin da ba zai iya rubuta sunan littafinsa ba.

Font ɗin har yanzu nauyi ɗaya gare shi, don haka ƙananan kanu a cikin babi da Charis mai kauri aka yi su, kuma haɗin bai kai yadda nake so ba. Babbar Ƙ ma, in ta zo kusa da A a manyan baƙaƙe, tazararta tana buƙatar gyaran hannu kowane lokaci. Saurayin ya sauya wa fayil ɗin suna yadda lasisin ya tanada, ya haɗa shi da takardar lasisin, ya ba ƙungiyar kwafi don mujallarta ta gaba, ya kuma ba abokan sana'arsa biyu da suka nema. Daga baya wani aiki ya zo masa daga wajen Kamba, katin taro ne da za a raba har Gaya a tsallaken iyaka. A Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y, don haka ya sake buɗe fayil ɗin ya zana Ƴ da ƴ, ya ɗora ƙugiyar a hannun dama.